Bishiyar Yaya Dehou

Ni da yayana Dehou, kowannenmu ranar da aka haife shi babanmu ya dasa masa bishiyar shuishan, kamar yadda ake yi a ƙauyenmu na Lichuan, a ƙasar Sin: mutum ya girma tare da itacen da za a yi masa akwatin gawa. Tasa a bakin rafi aka dasa ta, ƙasan lambu. Tawa kuwa can kan tudu, bayan ɗakin aladu, inda ƙasa take da tauri. Tun daga nan aka cuce ni, kuma har yau ban huce ba.

Dehou mutum ne mai sanyin jiki a komai, ban da wannan bishiya. Ciyawa ta sha cinye masa shinkafa, amma bai taɓa barin gindin shuishan ya bushe ba. Ya haƙa mata 'yar hanyar ruwa. In sanyi ya shigo, siraran ganyenta suka yi jawur suka zube, sai ya share ya tara mata a gindi, ya haɗa da takin alade. Rassan ƙasa tun suna ƙanana yake datse su, don katako ya fito sumul. Ni ma duk na yi wannan, har da hawa tudu da ruwa a kafaɗa. Tasa ta miƙe ta bar rufin gida a ƙasa, mutum biyu ba sa rungume ta. Tawa kamar an yi mata baki.

"Degui," yakan ce da ni, "ka rage cin dankali, in ba haka ba sai an lanƙwasa ka kafin ka shiga akwatinka."

"Ji da kanka, Yaya. Kai a naka ɓata za ka yi."

Dariya nake yi, amma zuciyata tana tafasa.

Wata shekara ma'aikatan gandun daji suka zo, suka auna bishiyarsa, suka buga mata ɗan farantin ƙarfe mai lamba: daga yau ba mai sare ta, irinta ake so don shuka. Tawa ko kallo ba ta ishe su ba. Dehou ya tsaya baki buɗe, ni kuwa ranar na ci abinci da daɗi. Daɗin bai daɗe ba, don baƙi suka fara zuwa ɗaukar hoto, kowa bishiyar Dehou, bishiyar Dehou.

Bara ciwo ya kwantar da shi. 'Yarsa Guilan ta leƙo ta katanga. "Baffa, Baba na kira."

Na same shi ya rame ƙwarai, sai idanu.

"Ƙanena," ya ce, "ka ga yadda na koma. Taka za ta ishe ni yanzu."

"Ba katako a kasuwa ne?"

"Ba na son na kasuwa. Wanda hannun Baba ya dasa nake so."

"Wato ka cinye bakin rafi, yanzu tudun ma sai ka haɗa?"

"Har shi," ya ce, yana dariya yana tari.

Ni na sare ta da hannuna. Kafinta ya shafa katakon ya ce bai taɓa aiki da mai ƙwarin wannan ba, saboda a hankali ta girma. Na gyara tsayuwa ina jiran yabona. Sai ya girgiza kai ya ce, "Kai, Dehou ya yi sa'a!"

Yanzu yana kwance cikin bishiyata. Tasa tana nan tsaye, iska tana watso min jan ganyenta har tsakar gida. Guilan ta koma birni, don haka ni nake sharewa in kai mata gindi, ina yi ina mita. Bayan ɗakin aladu kututture ne kawai, ni kuma katakon kasuwa ke jirana.

Jiya wata baƙuwa ta gan ni da tsintsiya, ta ce, "Tsoho, taka ce?"

Na ɗaga kai na kalle ta har ƙololuwa. Ƙarya ta zo min har bakin leɓe.

"Ta Dehou ce," na ce.