Kyamarar da ta sa na rusuna wa Kawu

Kaina na cikin baƙin ƙyalle, gumi na zuba, ina kallon Kawu Sule a gilashin kyamara, kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama. Haka tsohuwar kyamara mai ƙafa uku take nuna komai.

Sati uku ke nan ina zuwa haɗuwar masu irinta, duk Asabar a Ƙofar Ɗan Agundi. Jiya suka ara mini ɗaya, da fim ƙwaya ɗaya tal. In ka ɓata, shi ke nan.

Na wuce da ita Soron Ɗinki, unguwar su Kawu. Kawu ya haura tamanin, kuma ban da na katin zaɓe, ba mu da hotonsa. Duk wanda ya ɗaga masa waya, ƙeya yake juya masa.

Amma jiya ya gyara hula, ya zauna a dakali har na gama saiti.

Na ce, "Kawu, yau kuma ka yarda?"

Ya ce, "Masu waya a tsaye suke ɗaukar mutum, ko sallama babu. Kai kuwa sai da ka rusuna, ka rufe kai. Wa zai ƙi wanda ya zo da ladabi?"

Ba a wanke fim ɗin ba tukuna, ban san ko ya fito ba. Amma shekara talatin ina gaishe shi ido a ƙasa, sai jiya na san yana da tabo a gira.

A cikinku wa ya taɓa ƙare wa fuskar tsohon gidansu kallo?