Hafsa da wasiƙar da na danne

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hafsa ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta MRT a nan unguwarmu Cheras, a Kuala Lumpur, zan tafi wajen supervisor, sai ga kiran Maman Walid, maƙwabciyata. Ko gaisawa ba mu yi ba ta ce in nemi wuri in zauna. Na ce mata jirgi na tahowa, ta faɗa kawai. Ta faɗa. Jirgi uku suka wuce ni ina zaune a kan benci rungume da chapter four.

Ga wanda bai sani ba, Hafsa aminiyata ce tun shekarar farko a jami'a a Kano. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, shekara huɗu. A Glasgow take zaune da mijinta da 'ya'yanta mata biyu, kuma a can Allah Ya karɓi abinSa jiya bayan jinya.

Tun ɗazu wayata ba ta huta ba. Kowa cewa yake, Jamila sai haƙuri, ke aka yi wa mutuwa. Na gode, Allah Ya ba da lada. Amma duk saƙon da ya shigo ƙara min nauyi yake, don akwai abin da ba ku sani ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na yi shekaru ina kyashin Hafsa. Kyashi na gaske, ba irin na wasa tsakanin ƙawaye ba.

Ni ce ta ɗaya a ajinmu. Ita tana can wajen ta biyar ko ta shida, kuma ni nake zaunar da ita in yi mata bayani kafin jarrabawa, shi ya sa take ce min Farfesa. Muka nemi scholarship tare. Da list ya fito, ita Scotland, ni Malaysia. Na rungume ta har da guɗa, sannan na shiga banɗaki na sha kukana.

Hajiyarmu kuwa, Allah Ya ƙara mata lafiya, har yau in baƙi suka tambaye ta cewa take Jamila tana waje, amma ƙawarta tana Turai. Wannan "amma" ɗin ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya.

Ita Hafsa ba ta san ma ana wata gasa ba.

Ranar da muka shiga hostel ita ta riga ni zuwa, amma ta bar min gadon bakin taga don ta ji ina tari. Ba ta ma san sunana ba lokacin.

Da Babanmu ya rasu ina nan ban samu zuwa gida ba, sati guda cur kullum sai ta kira. Wani lokacin ba ma magana, tana wanke-wankenta ina jin ƙarar kwanuka, ni kuma ina kwance ina hawaye.

Ta taɓa aiko min da suwaita. Suwaita fa, a Kuala Lumpur! Wai ta ji na ce sanyin library yana sa min ciwon kai.

Yadda ta shiga harkar gwagwarmaya kuwa, daga gadon asibiti ne. Ta haifi Iman, 'yarta ta fari, sai aka kwantar da wata baiwar Allah 'yar Nijar a gadon kusa da nata, ba ta jin Turanci ko kaɗan. Aka haɗa ta da tafinta ta waya, namiji. Matar nan kunya ta hana ta faɗa wa ƙaton da ba ta sani ba inda ke mata ciwo, ta yi gum tana ta zubar da jini. Hafsa da ɗanyen jikinta ta sauko ta tsaya mata.

Shi ke nan fa, ta sa abin a ranta. Ta tara mata, 'yan Sudan, 'yan Somaliya, namu na gida, suna bin gida-gida cikin ruwan saman nan nasu da ba ya ƙarewa, suna karɓar sa hannu a kan duk mai naƙudar da ta nemi tafinta mace a ba ta mace. Tun ana musu kallon marasa aikin yi har aka kira su majalisa aka saurare su.

Ni kuma a nan shekara uku ina rubuta wa masu kula da gininmu takarda a kan lift ɗaya da ya lalace. Har yau da ƙafa nake hawa in ɗayan ya cika.

To, a Scotland duk shekara suna yin wani biki na karrama 'yan siyasarsu. A zaɓi ɗan majalisar da ya fi taɓuka abin kirki, da wanda ya fi iya muhawara, da kansilan da ya yi fice. A ciki akwai kyauta guda da suke ware wa mutanen gari, waɗanda ba su riƙe da kujerar komai amma sun tsaya a kan wata magana har ta kai inda ake so. Bara matan ƙungiyarta suka miƙa sunanta. Masu shirya bikin suna karɓar wasiƙu daga waɗanda suka san mutum, su faɗi ko shi waye.

Ta kira ni tana dariya, wai ita kunya ma abin yake ba ta.

Ta ce, "Farfesa, matan nan sun san ni daga Glasgow ne kawai. Ke kika san ni tun ina cin garau-garau ba mai. Ke ce mai alƙalami, ki rubuta min mana."

Na ce an gama.

Kuma na rubuta. Kwana biyu ina zama a shagon mamak, masu shayi da abinci, na ƙasan gininmu, in sayi shayi kofi ɗaya in kafa laptop. Na rubuta yadda aka yi sati uku ba ruwa a hostel, ta jera mu da bokitai wayam muka je muka zauna a ƙofar ofishin shugaban sashen ɗalibai, ba zagi ba ihu, har aka turo tanka. Na rubuta yadda ta goya wata ɗaliba mai ciki daga hawa na uku zuwa bakin titi. Na rubuta yadda ba ta iya ganin an wulaƙanta mutum ta wuce.

Da na gama na karanta daga farko. Wallahi ban taɓa rubutu mai kyau irinsa ba, har thesis ɗina. Nan fa shaiɗan ya samu wurin zama. Na ga matar da ke cikin takardar nan ta cika ta batse, na duba ina nake a labarin, sai na gan ni a bayanta riƙe da bokiti. Na ce yanzu da hannuna zan ƙara mata tsawo? Ita Turai, ita miji na gari, ita majalisa, yanzu kuma kyauta, da alƙalamina?

Na riga na buɗe email, na saka address, na liƙa wasiƙar. Na rufe laptop ɗin.

Ranar Juma'a aka rufe karɓa. Ranar Asabar na tura mata, "Ƙawas, na aika, sai addu'a." Ta maido min da voice note tana ta sa min albarka.

Duk da haka ta shiga cikin ukun ƙarshe. Washegarin bikin na ga bidiyon, ga ta nan cikin leshi kore da ɗaurin nan nata da kullum yake karkacewa, a tsakiyar manyan mutane da mazan nan nasu masu ɗaura siket. Aka kira sunan wani dattijo da ya yi shekaru yana fafutukar a maido wa ƙauyukansu motar haya. Hafsa ta miƙe tana tafa masa, baki har kunne.

Ni kuma wani sanyi ya ratsa ni. Zan faɗa yadda yake: daɗi na ji. Na sauka na yi takeaway ɗin shinkafa da kaza na cinye tas, rabon da in ci abinci haka har na manta. Sannan na ɗora hotonta a status na rubuta, a wajenmu ke ce gwarzuwa. Da yawanku kun gani, har kuna cewa Allah Ya bar zumunci.

Ban sani ba ko wasiƙata za ta canja wani abu. Wataƙila dattijon ne dai zai ci. Amma ba wannan ce maganar ba, amana ta ba ni na ci.

Bayan bikin ba abin da ya canja a wajenta. Ita ta karanta min chapter three layi-layi lokacin da supervisor ya maido min da shi ya yi jajur da gyara. Ita ta aiko wa Hajiyarmu maganin ƙafa da azumi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata huɗu ke nan. Ta zo wani taro na kwana biyu a nan KL, ta ce in raka ta kasuwar unguwar Masjid India ta yi wa yara sayayyar gyale da abaya. Da na gan ta ta rame, wuya ya fito, kun san me na ce? Na ce wane gym take zuwa, ta ba mu sirrin. Har ramar na yi wa kyashi, ban san ciwo ne yake cin ta ba. Dariya kawai ta yi ta ce in bar ta da iskanci.

Shago biyu muka shiga ta nemi kujera. Na ce Turai ta sangarta ta. Muka zauna shan shayi, ta gutsuri roti sau biyu ta ture.

Can ta ce, "Farfesa, wasiƙar nan taki, ki turo min kwafi mana in ajiye wa su Iman."

Na ce ai laptop ɗina ya yi crash, komai ya tafi.

Ta daɗe tana juya cokali a kofi. Sannan ta ce, "Ba komai. In kin samu sarari ki duba, wataƙila tana wani wuri."

A bakin tashar LRT ta riƙe hannuna ta ce mu yafi juna, tafiya ce. Maimakon in buɗe baki, sai na ce kai Hafsa, sai ka ce mai barin wasiyya, ke dai ki gaida Turawa. Ta yi murmushi ta sake ni. Ƙofa ta buɗe min har bango, ni kuma na maida abin wasa.

Yau da na dawo gida na shiga shafinta. 'Yan majalisarsu suna ta rubuce-rubuce a kanta, matan da ta tsaya wa suna ɗora hotunan jariransu. Sai na kama kaina ina ƙirga comments, ina cewa ni in na mutu a Cheras wa zai rubuta me? A'uzubillahi. Gawarta ba a ko rufe ba, zuciyar nan tawa ba ta daina ba.

Wajen azahar sai ga voice note daga mijinta, Abban Iman. Muryarsa a dashe. Ya ce bana ma sunanta ya sake shiga cikin ukun ƙarshe, bikin saura 'yan makonni. Ya ce ta bar sallahu a asibiti, in ba ta kai ranar ba kuma aka kira sunanta, kada kowa ya wahalar da kansa tsara jawabi, a karanta wasiƙar Jamila.

Sai ya ƙara da cewa, "Anti Jamila, na duba file ɗin da masu bikin suka ba ta bara, mai ɗauke da kwafin duk wasiƙun da aka aika a kanta. Kowacce tana nan, taki ce kawai ban gani ba. Ko za ki taimaka ki sake turowa?"

Sau uku na saurara kafin maganar ta zauna min.

Ashe suna ba mutum kwafi. Ashe tun bara file ɗin yana hannunta. Ta san ban tura ba lokacin da take gyara min chapter. Ta sani ranar da take juya cokalin nan ina zuba mata ƙaryar laptop. Shekara guda tana jira in faɗa da bakina, ko mijinta ba ta gaya wa ba, ta rufa min asiri har ta koma ga Allah.

Ko a nan ma ta fi ni. Wannan karon dai ba kyashi nake ji ba, kunya ce.

Laptop ɗina lafiyarsa ƙalau. Wasiƙar tana nan inda na bar ta. Na tura wa Abban Iman ɗazu, ban taɓa ko kwanan watan da ke kai ba, na kuma gaya masa gaskiya kamar yadda na gaya muku. Ya buɗe, bai ce komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, yana da gawa a gabansa. In ya ga dama a karanta, in ya ga dama ya goge. In za a karanta, na roƙe shi a cire sunana, duk abin da ke ciki gaskiya ne amma ban cancanci a ji shi daga bakina ba.

Don Allah kada kowa ya zo min comment da cewa ai ni ma ina da kirki tunda na faɗa. Mai rai ake faɗa wa, ni sai da ta mutu na iya.

Ya Allah, ga Hafsa nan ta zo maKa. Ka jiƙanta, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta. Yadda ta suturta matan da ba ta sani ba, ta suturta ni da na cuce ta, Ka suturta ta ranar da asirai za su tonu. Ka raya Iman da ƙanwarta a kan halin uwarsu, Ka ba Abban Iman da iyayenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, na roƙe ka ka yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka ambaci sunanta a sujadarka ta yau. In ka gama nata, ka sa ni a ƙarshe. Ka roƙa min Allah Ya wanke min zuciyar nan, Ya kuma sa ta riga ta yafe min kafin ta cika, don ta ba ni dama ban roƙa ba, yanzu kuma ba ni da inda zan same ta.