Baba Hamidu, wanda ya mai da ni taya

Yau da safe ina cikin auna jinin wata tsohuwa, waya ta yi ƙara. Baba Hamidu mai zane ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da tsohuwar ta taɓa ni ta ce hannunta ya sage, sannan na tuna ban kwance mata awon ba.

Duk wanda ke bin tashar Gaya a Malanville ya san rumfarsa. Shi ke zana bayan manyan motoci, da allon masu aski, da sunan jirage a bakin kogi. Ni kuwa ma'aikaci ne a wani ƙaramin asibiti wajen Garou, hawan jini ne ya haɗa mu.

Mutanenmu in anka ba su maganin tansiyo, wato hawan jini, su sha kwana uku, su ji garau, su aje. Sai an kwaso mutum a amalanke, baki ya karkace. Hoton da anka aiko muna na faɗakarwa da Faransanci yake, ga zuciya ja da kibiyoyi. Wata ta tambaye ni ko ƙundun kaza muke saidawa.

Har Innata ta ƙi shan nata. Wai lafiyarta lau, ni ne mai neman ciwo.

Na tafi wurin Baba Hamidu don ya zana muna hoton da mutane za su gane. Ya ce, "Yi mini bayani kamar ni ne kakarka."

Na fara zuba abin da munka karanta a lakkol. Ya rufe ido, ya saki minshari na ƙarya.

"Kakarka ta yi kwana, likita. Sake."

Muna cikin haka sai tayar keke ta fashe a rumfar mai faci, don an cika mata iska. Ya dube ni. "Haka ciwon naku yake?" Na ce haka ne ƙwarai.

Ya zo ya zana muna ƙatuwar taya a bangon asibiti, ta kumbura, ga famfo a manne.

Ranar kasuwa na iso aiki na iske kekuna jere a ƙofarmu. Wani bawan Allah ma tun daga Madécali ya turo babur ɗinsa, yana gumi. Da na ce ba mu faci, ya nuna bango ya ce to mi ya sa munka yi talla.

Na koma Malanville raina a ɓace. Baba ya yi dariya har buroshi ya faɗi cikin fenti. Da ya nutsu ya ce, "Kuskurena ne, na zana taya na mance mutum. Amma waɗanda sunka kawo keken, ka auna su?"

Na ce ban auna ko ɗaya ba.

"Ai da hannuwansu sunka zo, ɗana. Shekara nawa kana kiransu ba su zo ba?"

Washegari ya goge, ya sake. Wannan karon mutum ne zaune, tayar ta zagaye masa wuya, ga buhun gishiri mai ƙafafu yana ta buga famfo. Can gefe ƙwayar magani ce, 'yar mitsitsiya, ta sa yatsa a bakin tayar tana rage iska.

Abin da bai faɗa mini ba, fuskar mutumin tawa ce. Wushiryata, sanƙona, har tabarau.

Na ce, "Haba Baba."

Ya ce, "In na sa fuskar wani, danginsa za su zo da sanda. Kai kuwa ma'aikaci ne, haƙuri aikinka ne."

Tun daga ranar sunana ya ɓace a Garou. Likita Taya. Har a katin biki haka ake rubuto mini.

Amma abin ya shiga. Masu albasa, masunta, mata masu cashe shinkafa, ba mai cewa tansiyo kuma, sai dai, "Na zo a duba mini iska." Innata ta tsaya gaban bangon ta daɗe, ba ta kula tayar ba, fuskata take kallo. Da munka koma gida ta ce in miƙo mata abin rage iskar nan, kuma ni ma in sha. Tana nan da ranta, ba ta fashin magani.

Kowace shekara in damina ta wanke bangon, sai ya hau kabu-kabu ya zo da gwangwanayensa na fenti ya gyara, ba wanda ya kira shi. Kuma duk zuwa sai ya ƙara mini faɗin sanƙo. Na yi ƙorafi, ya ce shi gaskiya yake bi.

Mako biyu da sunka wuce ya zo asibiti, ba gwangwani a hannunsa. Ya rame, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar. Na ce ya faɗa mini yadda yake ji. Ya karɓi bik ɗina na rubutu, ya juya katinsa, ya zana jirgi a tsakiyar kogi, ruwa na shiga, ga wani ɗan tsoho yana kwarfewa da cokalin shayi.

Ban taɓa ganin maras lafiya ya yi bayani sarai irin haka ba.

Sai na karɓi bik ɗin na zana wa tsohon guga. Ya kai katin kusa da ido.

"Wannan guga ne ko hular jandarma?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Tsaya ga allurarka, ɗana. Zane ba naka ba ne."

Na rubuta masa takardar zuwa babban asibiti, na raka shi bakin hanya. Ganinmu na ƙarshe ke nan. Katin yana aljihuna yanzu haka.

Za a yi jana'iza bayan azahar a unguwarsu.

Allah Ya gafarta wa Baba Hamidu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa abin da ya fahimtar da mutane ya zame masa haske. Allah Ya ba iyalinsa dangana. Don Allah duk wanda ya karanta, ko ya san shi ko bai san shi ba, ya tsaya minti ɗaya ya yi masa addu'a.