Suna ɗaya ya canza, sai tafiya Kaduna

Tuwo har ya huce, ɗan farina ya tsare kwamfuta da ido. Daga gida yake haɗa wa wani kamfani manhaja.

Ya ce, "Inna, kowane bayani da sunansa. Na canza 'gona' zuwa 'fili'. Bayanin yana nan, amma manhajar tsohon sunan take kira. Komai ya tsaya, oga ya ce in zo Kaduna gobe."

Na ce, "Ni da ban taɓa faɗin sunanka ba, ai kana amsawa."

"Kwamfuta ba ta san alkunya ba, Inna."

Gobe zai bi hanyar dajin Birnin Gwari. Na gaji da fargaba. Iyaye mata, ya kuke yi?