Dattijon da Ya Ƙi Rabuwa da Motonsa

A bakin kasuwar Dakoro, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wani dattijo yana zaune a ƙasa, ya kwance tayar baya ta wani tsohon moto, wato babur, wanda fentinsa ya daɗe da koɗewa. Ban san sunansa ba, amma naɗin rawaninsa irin na mutanen Tagriss ne.

Takalmansa na fara lura da su, domin dugadugansu sun cinye sarai. Ina zaton ya shekara da shekaru yana tsayar da moton nan da ƙafa cikin rairayi, yanzu kuwa gwiwoyin sun fara ƙi. An daina sayar da irin burkinsa, saboda haka yana yanka tsohuwar fatar burkin babbar mota, yana goge ta da magagari, yana gwadawa, yana sake gogewa.

Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya tsaya a kansa. "Baba, ɗanka Yazidu ya ce in ɗauke moton a kilo. Wai hawa ya ƙare maka."

"Bisa moton nan na kai uwar Yazidu likita ta haife shi," in ji dattijon, bai ko ɗaga kai ba. "Ka ce mashi ya jira in mutu."

Ya mayar da tayar, ya ɗaure ta tam, ya juya ta da hannu har tana kuka, sa'an nan ya taka burki. Tayar ta tsaya cak.

Sai a lokacin ya dubi mai ƙarafan. "Ka gani? In za a tsaya, ni ke cewa a tsaya."