Shuɗiyar Fitilar Sale Ɗan Ikko

Har gobe ba zan manta da safiyar da na gwada Sale Ɗan Ikko tuƙi ba. Ku sababbin direbobi gara ku ji labarin daga bakina, kafin ku ji shi a teburin mai shayi an ƙara masa gishiri.

Lokacin ni ne babban direba a wata ƙungiyar manoman rani da ke kusa da madatsar ruwan Watari. Aikinmu kwasar tumatir da albasa daga bakin gona zuwa kasuwannin birni. Ƙa'idarmu ita ce, ba a damƙa wa sabon direba makulli sai babban direba ya zauna gefensa sun yi sawu ɗaya da kaya, ya ga kamun sitiyarinsa, sannan ya gaya wa shugaba a ɗauka ko a bari.

Sale ƙanin matar shugabanmu ne, Alhaji Bala. Ya ɗan zauna a Ikko, ya dawo da baƙin tabarau da cika baki. Abin da ya tuƙa a can, Allah kaɗai ya sani.

Tun yamma aka yi lodi, muka tashi bayan sallar asuba da sauran duhu, don tumatir ba ya shiri da rana. Yana tayar da mota na dubi dashbod, wato allon 'yan fitilun da ke gaban direba, kamar yadda na saba. Ga wanda bai sani ba, 'yan fitilun nan su ne bakin mota. Ja tana cewa ka tsaya ka duba, ko baƙin mai ne ko inji ya yi zafi. Ruwan ɗorawa tana cewa akwai abin da ke neman gyara. Shuɗiyar nan mai kama da fitila tana feso haske kuwa, tana gaya maka babbar fitilarka a kunne take, mai dallare idon wanda ke tahowa. Ita na gani.

Na ce, "Sale, mece ce waccan shuɗiyar?"

Ya yi dariya. "Haba Baba, kai da ka tsufa a mota? Alamar inji ya yi sanyi ce, lafiyarsa ƙalau. Ni ba na tafiya sai na ga ta kama."

Na ce masa babbar fitila ce, idan ya hango wani ya yi masa dim, wato ya sauke hasken ƙasa.

"To ai gara, in ga hanya sosai. Mu a Ikko, matsoraci ne ke yin dim."

Hanyarmu ta burji ce, matsattsiya, magudanar ruwan rani a gefe guda, gonaki a ɗayan. Da asuba kuma ba a rasa masu jakuna da masu babura. Ba mu yi nisa ba na hango babur yana tahowa. Mai shi ya riƙa kashe fitilarsa yana kunnawa, roƙo ke nan a yaren hanya.

"Yi masa dim!"

Ko gezau. Na miƙa hannu zan sauke fitilar da kaina, ya buge mini hannu, wai ba a taɓa wa direba sitiyari. Kafin in sake magana, babur ya yi tangal-tangal ya faɗa magudana.

Malam Haruna ne, wani manomin albasa da na sani, ya ɗauro injin ban-ruwa a baya zai tafi gonarsa. Injin ne ya danne masa kafaɗa. Ina cikin ruwa har gwiwa ina ƙoƙarin ɗaga shi, sai na ji muryar Sale daga kan hanya.

"Baba, ka dai shaida, ni ban taɓa shi ba."

Bai sauko ba ma, kada takalminsa ya ɓaci. Mutanen da suka fito daga masallacin wani ƙauye da ke kusa ne suka kama mini. Na karɓe makulli, muka sa Malam Haruna a gaba, gwanin Ikko ya hau baya cikin kwanduna. Na kai Malam Haruna asibiti aka ce ƙashi ya karye. Kafin mu isa kasuwa rana ta take, tumatir ya fara zubar da ruwa.

Da yamma na samu Alhaji Bala na faɗa masa komai. Ya ja carbinsa, ya dube ni.

"To, Malam Garba, ai ƙaddara ce. Motar ta taɓa shi?"

"Ba ta taɓa shi ba, Alhaji. Haskenta ne ya ture shi."

"Yaro ne, zai koya."

Na ce ya koya a wani wurin, amma muddin ni ke gwaji, ba zan ce ya iya ba. Alhaji bai ja da ni ba. Washegari sai ga Sale a motar gidan Alhajin, da tabarau, yana kai yara makaranta. Kun ji hukuncin da aka yanke masa.

Malam Haruna ya rasa noman ranin shekarar nan gaba ɗaya. Ƙashin ya ɗoru, amma bai koma daidai ba. Nakan yi sallar Juma'a kusa da shi. Idan liman ya yi kabbara, hannun Malam Haruna na hagu yana kaiwa kunne, na dama yana tsayawa a ƙirji.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, rashin sani ba ya ba ni tsoro, don duk cikinmu ba wanda aka haifa da sitiyari a hannu. Wanda nake gudu shi ne wanda aka gaya masa ya ce ya riga ya sani, kuma yana da wani a sama da zai ce ƙaddara ce. Idan kun ga shuɗiyar nan a kunne, ku tuna akwai mutum a gabanku da ba ya ganin komai sai haskenku. Ku sauke masa.