Hoton Ruwan Toka da Na Ɗauka

Ni ɗiyar manoman gero ce daga Tsamaye. Shekarar da abin nan ya faru ban daɗe da gama karatun jarida a Sakkwato ba, kuma wata jarida ta ba ni shafin abinci. Ina jin kaina ƙwarai. Ko gida na zo ba na zama kusa da murhu, don ina ganin girkin Inna ba abin rubutawa ba ne.

Wata rana na je wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle, wurin wata tsohuwa da daddawar batsonta ta yi suna har kasuwar Isa. Ta tarbe ni da fura, ta yi ta kira na ɗiyata. Sai na ga tana zuba wani ruwa mai duhu cikin tukunyar gurguzu, wato 'ya'yan sure (yakuwa) da ake daddawar da su. Ban tambaye ta ko mene ne ba. Na ɗaga waya na ɗauki hoto, na koma birni na rubuta cewa da gurɓataccen ruwa ake yi wa mutane daddawa. Hoton ya bi wayoyi, har da fuskarta.

Da na zo gida na nuna wa Inna ina alfahari. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan ai ruwan tokar karan gero ne da anka tace, shi ke sa gurguzu ya nuna, kuma da irinsa ta yi miyar da ta raine ni. Ta ce mako uku ke nan tsohuwar na komawa gida da kayanta ba a taya ba, ga marayu tana ciyarwa. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Na koma na durƙusa gaban tsohuwar, na ce Iya ta gafarce ni. Ta ce ta yafe, amma kada in sake ɗaga mata waya. In gaskiya nake so, in ɗaura zane in zauna. Kwana tara na yi gidanta. Na tace toka, na yi daka har tafin hannuna ya saɓule. Da na koma birni na rubuta gyaran labarin, amma editan jaridarmu ya ce gyara ba ya jan masu karatu. Na ce masa ko a buga a shafin da anka buga ƙaryata, ko kuwa za ni aje aikin. Anka buga. Wasu masu sayen sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba, kuma wannan yana wuyana.

Ban bar aikin ba, ba kuma za ni bari ba. Amma yanzu ba na rubuta komi kan abincin da ban tsaya anka yi shi gabana ba, tun daga wankewa har sauke tukunya. 'Yan'uwana masu alƙalami da masu waya, in kun ga abin da ba ku sani ba cikin tukunyar wani, ku buɗe baki ku tambaya. Akwai masu jiran abin da tukunyar nan za ta kawo gida.